Lambobin da Ba Nawa Ba

Litinin, 5:40 na safe

168.

Nas ce ta ce in nemi littafi in riƙa rubutawa: lamba, lokaci, da abin da na ci. Sau biyu a rana, da safe kafin in sa komai a baki, da kuma awa biyu bayan abincin yamma. Ciwon suga ne, nau'i na biyu, wanda ke zuwar wa mutum da girma. Ta ba ni ƙwayoyi, ta nuna mini yadda zan soki gefen yatsa, in ɗiga jinin a bakin wani ɗan siririn tsinke, in jira na'ura ta yi lissafinta. Ranar Larabar ƙarshen wata zan koma da na'urar, likita ya duba, sannan ya ga ko zai sa hannu a takardar lafiyar da kamfani ke nema. In babu takarda, babu sitiyari.

Shekara ashirin da shida ina jan bas ɗin ma'aikata, ban taɓa goge wa wani ko fenti ba. Yau ga ni ina neman izini a wurin abin da bai fi akwatin ashana ba.

Maganar waccan Talatar ba zan rubuta ta ba. Ta wuce.

Talata, 11:00, cikin mota a gareji

Manaja ya haɗa ni da Dogo. Wai ya riƙa zama a kujerar gaba yana taya ni hira har takardar ta fito. Dogo ƙaramin direba ne, shekararsa uku yana jan motar kai saƙo, kuma kowa a garejin nan ya san idonsa na kan babbar bas. Yau sau uku yana ce mini, "Baba, ya jikin?" A na ukun na ce masa jikin na nan inda ya bar shi minti goma da suka wuce. Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Na'urar a gida nake barinta, cikin durowar gefen gado. Ba zan tsaya ina tsatsar jini a gaban ma'aikata su sami abin kaiwa ofis ba.

Laraba, 5:35 na safe

159. Yatsan tsakiya.

Alhamis, 8:00 bayan abinci

201. Kabeji, wake, kifi, shinkafa cokali huɗu. Huɗu. Na ƙirga.

Maman yara ta kawar da gwangwanin suga daga kan tebur, ban san inda ta kai shi ba. Abin da nake ci shi take ci, har ma ƙasa da haka. Na ce mata ba wanda ya ɗora mata, ta ce taya ni take yi. In zan soki yatsa sai ta juya fuska. Shekara talatin da ɗaya da aurenmu, ko kaza ba ta iya tsayawa a yanka a gabanta.

Auta kuwa, tun da ta dawo daga makarantar da take koyarwa take zagaye ni da magana. Wai yayyenta sun yi waya, duk bakinsu ɗaya, in ajiye tuƙi in huta. Na tambaye ta yaushe aka yi wannan taro ba a gayyace ni ba. Ta ce ba taro ba ne. To mene ne?

Asabar, 4:00 na yamma

Sau uku yau ina buɗe firiji in tarar da gorar ruwa babu ko ɗigo. Mutum uku ne a gidan nan, ba barikin soja ba.

Litinin, 5:45 na safe

151. Tana sauka.

Kwalbar tsinken ta yi mini sauƙi a hannu, sai na zazzage a kan gado na ƙirga. Hamsin ne a rubuce a jikinta. Na yi amfani da sha biyar, ga su nan a littafi. Talatin da biyar ya kamata su rage. Talatin da biyu ne.

Na sake ƙirgawa. Na duba ƙarƙashin gado. Talatin da biyu.

Talata, 12:30, gareji

Dogo ya ba ni alewa. Wai ya manta.

Laraba, 7:00 na yamma

Na tambaya a gida, cikin lalama, ko wani ya buɗe durowar. Auta ta ce me za ta yi da ita. Maman yara tana kan keken ɗinkinta, ba ta ɗago ba, ta ce wataƙila daga shago aka ba ni su a haka. Sai ta miƙa wa Auta allura ta zura mata zare. Kwanan nan kullum sai an zura mata. Na ce ta je a canza mata tabarau, ta ce to.

Na lura da filasta a yatsunta biyu. Ta ce allurar keke ce.

Shiru ya yi yawa a gidan nan. In na shigo sai magana ta tsaya.

Juma'a, 5:40 na safe

146. Ya kamata su rage ashirin da bakwai. Ashirin da ɗaya ne.

Shida. Ruwa ba ya tsami banza.

Asabar, 1:00 na rana

Na je wurin mai kemis ɗin da ya sayar mini, da niyyar in wanke shi tas. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce a rufe kwalbar ta zo, ni na ɓalle hatiminta. Ya karɓi na'urar, ya danna wani maɓalli da ban taɓa kulawa da shi ba. Ashe tana ajiye komai. Kowane gwaji, da ranarsa, da lokacinsa.

Nawa duk suna nan, na safe da na yamma, daidai da littafina. Amma a tsakaninsu akwai wasu guda bakwai. 318. 342. 296. 355. Sauran ban riƙe ba. Duka tsakanin ƙarfe goma da sha ɗaya na safe.

Mai kemis ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Baba, waɗannan ba lambobin wasa ba ne. Da su kake tuƙi?"

Na ce ba nawa ba ne, ƙarfe goma ina gareji, na'urar tana gida. Ya duba agogonta, ya ce daidai yake. Ya ce to shi dai abin da likita zai gani ke nan.

Na taka da ƙafa har gida, ban san na wuce tashar mota ba. Wannan na'ura ce likita zai buɗe ranar Laraba ta sama. Wane likita ne zai ga ɗari uku da hamsin da biyar ya sa hannu a ba mutum rayuka talatin da biyu ya ja?

Wa zai amfana? Abin da nake ta tambayar kaina ke nan. Dogo ya zo gaishe ni a gida satin da na kwanta. Auta ce ta raka shi bakin ƙofa, kuma sun daɗe a tsaye.

Lahadi, 9:30 na safe

Na yi tunanin ruwan suga ake ɗiga wa tsinken. Na tura Maman yara da Auta kasuwa, na binciko gwangwanin a bayan tukwane, na dama cokali uku a ɗan ruwa, na tsoma bakin tsinke. Na'ura ta ƙi. Wata alama ta fito tana ƙiftawa, babu lamba.

Ke nan jini ne. Jinin mutum.

Na mayar da gwangwanin. Ban lasa ba. Na rubuta ne don a sani, ban lasa ba.

Litinin, 7:30 na yamma

Na tsare Auta a falo. Ban yi niyyar ɗaga murya ba. Na tambaye ta me suka ƙulla da Dogo, da jinin waye take shigowa da shi ɗakina. Ta tsaya tana kallona kamar ba ta taɓa ganina ba. Ta ce ƙarfe bakwai take barin gida, ƙarfe goma tana gaban allo da yara arba'in, in ina so in je in duba rajista. Ta ce abin da ya tsayar da su da Dogo a ƙofa, roƙonsa ta yi ya riƙa lura da ni a hanya.

Na ce au, ashe ke kika sa mini ɗan sanda.

Ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. Uwarta na tsaye a bakin kicin, ta riƙe ƙyauren da hannu ɗaya. Da can da ta shiga tsakani.

214. Ɓacin rai ma yana ɗaga ta, in ji nas.

Talata, 6:50 na yamma

Maman yara ta kawo mini ruwa, ta zauna a nesa. Ta ce in bar yarinyar nan, ba ruwanta. Na ce to da ruwan wa? Ta daɗe tana murza bakin mayafi, sannan ta ce maƙwabciyarmu, tsohuwar nan mai ciwon suga, takan leƙo da hantsi. Wataƙila ita ce. Na ce wataƙila, ko kin gani? Ta ce ba za ta rantse ba.

Da ta tashi na ga tana ɗingishi. Ta ce fedar keke ce ta gajiyar da ƙafar. Kuma safa take sawa a cikin gida yanzu, ita da ta tsani safa.

Laraba, 6:15 na yamma

Na ƙwanƙwasa gidan maƙwabciya. Ɗanta ne ya buɗe. Na soma kewaye-kewaye, cewa ba laifi ba ne a ari abu amma a riƙa faɗa. Ya bar ni na gama zuba, sannan ya ce mahaifiyarsa ta kusa wata biyu tana wurin ƙanwarsa da ta haihu. Kuma tana da tata na'urar, har biyu.

Na ba shi haƙuri. Kunya kamar ƙasa ta tsage.

Ban ce wa Maman yara komai ba. Ta san inda na je, ta ga lokacin da na dawo. Ta zuba mini abinci.

Ƙarya ta yi mini. Shekara talatin da ɗaya. Wa take rufa wa asiri?

Alhamis, 5:30 na safe

139. Yau da ni na'urar za ta fita. Na naɗe ta a tsumma na cusa ƙarƙashin kujerar direba.

Juma'a, 1:15, gareji

Dogo ya ga na'urar, wajen neman jak ɗin ɗaga mota. Ya mayar da ita yadda take, ya ce kawunsa ma yana da irinta. Na bi shi da ido har ya shiga ofis. Ya fito da takardar shan mai. Wataƙila ita kaɗai ta kai shi. Wataƙila.

Asabar, 5:50 na safe

134. Sabuwar kwalba. Kwana biyu ba abin da ya ɓata.

Lahadi, 3:00 na yamma

Gidan tsit. Auta ta tafi wurin yayarta tun safe, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Maman yara na barci a kan doguwar kujera. Da rana. Matar da ta sha yi wa mutane gorin barcin rana. Na tsaya a kanta, na ga zoben aurenmu ta naɗa masa zare don kada ya zame.

Tunda ba mai karanta littafin nan, bari in faɗa sau ɗaya. Waccan Talatar, a kan gada, da mutum talatin da biyu a bayana, hanya ta rabu biyu a idona. Motar da ke gabana ta zama biyu. Ban san wacce zan kauce wa ba. Na lallaɓa na taka birki, na tsaya a gefe, na kifa kai a sitiyari. Bayana ba wanda ya yi magana. Wannan shirun ne har yau yake bina.

Na ce wa manaja jiri ne na minti ɗaya. Ya fi minti ɗaya.

Gobe za a kai bas sabis, ba aiki sai da yamma. Ban gaya wa kowa a gida ba. Zan mayar da na'urar cikin durowa, in fita yadda na saba.

Litinin, 9:00 na dare

Ana zaton wuta a maƙera.

Na zauna a bencin tashar mota daga ƙarfe shida har goma da kwata, kamar ɓarawon da ke jiran a yi barci. Na dawo, na buɗe ƙofa a hankali, na cire takalmi. Keken ɗinki a rufe. Ƙofar ɗaki a sakaye.

Tana zaune a bakin gado, ta gefena. Ta runtse ido, ta kau da kai, ta miƙa hannu nesa da jikinta, ta danna allurar. Sai da ta yi sau biyu kafin jini ya fito. Na ji ƙarar na'urar. Ta buɗe ido ta duba, sannan ta gan ni.

371.

Ba ta ɓoye ba. Ta ajiye a kan cinya, ta ce, "Ban san tana riƙewa ba, Malam. Wallahi da na san zan ɓata maka takarda da ban taɓa ba."

Na shirya maganganu da yawa a kan bencin nan. Ko ɗaya ban samu ba. Na zauna a ƙasa, na ce ta cire safar.

Ta ƙi. Na ce don Allah. Ta cire. Ciwo ne a ƙarƙashin babban yatsa, inda ta taka fil ɗin ɗinki wata guda da ya wuce. Ta ɗaure da ƙyalle. Ba zan kwatanta ba.

Ta ce ranar da nas ke lissafa mini alamomi, ƙishirwa, yawan fitsari, rama, dishi-dishin ido, tana zaune a gefena tana ƙirgawa a jikinta. Duk tana da su. Ta yi gwajin farko ne don ta kwantar da hankalinta. Da ta ga lambar sai ta ce kuskure ne, gobe za ta sauka. Ta bar suga, ta rage abinci, tana gwadawa tana jira.

Na ce me ya hana ki faɗa? Ta ce mahaifiyarta, mai irin wannan ciwon, da ƙafa biyu ta shiga asibiti. Na sani. Ina nan aka fito da ita da ɗaya, kuma Maman yara ce ta yi jinyarta shekara biyu har ta rasu. Ta ce kuma gida ɗaya, marasa lafiya biyu, wa zai kula da wa?

Ta sa na yi mata alkawarin ba zan gaya wa yara ba. Na yi. Ta ce in koma wurin mai kemis ya goge nata lambobin, in karɓi takardata, ita za ta ci gaba da kiyaye abinci.

Na je na yi jigilar yamma. Ban san me Dogo ya yi ta faɗa ba.

Talata, 11:30, gareji

Ana iya gogewa. Na tambaya ta waya. Minti ɗaya ne.

Talata, 7:40 na yamma

Ban goge ba.

Na tari Auta a bakin titi kafin ta shigo. Na fara da ba ta haƙuri, abin da ban taɓa yi wa ɗan da na haifa ba, kuma ban iya ba, sai kame-kame nake. Sannan na nuna mata lambobin, na ce na uwarki ne. Ta zauna a kan dakalin wani shago, ta rufe fuska da jaka. Ta ce ita ke zura mata zare kullum, ita ke cika gorar ruwan, ba ta taɓa kawo komai a ranta ba.

Mun shiga tare. Maman yara ta dubi fuskar Auta, ta dube ni. Ta ce, "Alkawarinka ke nan?" Na ce eh, na karya, kuma gobe tare za mu tafi, ko da ɗaukarta zan yi. Tun daga nan ba ta sake yi mini magana ba. Amma na ji tana ce wa Auta ta goge mata shuɗin mayafinta.

Laraba, 4:30 na yamma, barandar asibiti

Na miƙa wa nas na'urar da littafin, na ce lambobin hantsi ba nawa ba ne, ga mai su. Ta duba, ta dubi Maman yara, ta ce a kawo keken marasa lafiya. Layina ya wuce, ban damu ba.

Likita ya buɗe ƙafar, ya daɗe yana dannawa yana tambayar ko tana ji. Wani wurin tana ji, wani ba ta ji. Ya ce an zo a kan gaɓa, yana sa ran ba za a taɓa ko yatsa ba, amma sai ta kwana biyar ko shida a nan. Da ya ce ba za a taɓa ba, na ji ta saki numfashi.

Ya tambaye ta tun yaushe take jin ƙishirwar nan. Na ɗauka za ta ce wata ɗaya ko biyu.

Ta ce ya fi shekara.

Kafin nawa ke nan. Gado ɗaya muke kwana.

Daga baya ya duba nawa. Ya ce ina ƙoƙari, ya aika a duba mini ido, sannan ya sa hannu na wata uku. Na gaya masa gaskiyar abin da ya faru a kan gada, duka. Ya ce in ya sake faruwa ko na daƙiƙa ɗaya ne, in ajiye mota in zo. Na ninke takardar na sa a aljihu. Abin da na yi mako uku ina yaƙi a kai, ban ji komai ba.

Na kira manaja na nemi hutun mako guda. Dogo ne zai ja bas. Ya aiko saƙo wai zai kula mini da ita, ba zai taɓa saitin kujerata ba. Za mu gani.

Alhamis, 5:45 na safe

131. Ni na dafa ƙwai. Ya ƙone.

Juma'a, 12:20 na rana

Ta yi mini magana yau. Ta ce rigar da na sa ba a goge take ba.

Nas ta ce in samo mata takalmi mai laushi, mai faɗin gaba, wanda ba zai matse ciwon ba, don gobe za ta fara takawa. Na tafi shagon takalma da ke bayan asibiti. Mai shagon ya fito da kala uku, ya tambaye ni lamba nawa take sawa.

Na tsaya. Na san lambar tayar bas, gaba da baya. Na san lambar kowace mota a garejinmu.

Ya ce ko in kwatanta da hannu. Na ɗaga hannuwa biyu, na rasa inda zan tsayar da su. Ya ce ba komai, Baba, maza da yawa haka suke. Bai rage mini komai ba.

Ban kira Auta ba. Na koma ɗakin da take kwance, na durƙusa, na zaro silifas ɗinta daga ƙarƙashin gado, na juya bayansa. Lambar ta goge. Tana kallona daga kan filo, ta ce me nake nema. Na gaya mata.

Ta ce, "Talatin da tara. Ka sayo arba'in, saboda bandejin."

Talatin da tara.